Misin da rawar silo a motocin yanzu: me ya sa ake ta canja kaya amma ciwon na nan

Duk wanda ya taɓa tsayawa a danja da tsakar rana, esi a kunne, ya ji sitiyari na karkarwa a hannunsa, allurar rpm tana hawa tana sauka kamar yanzu motar za ta mutu, ya san irin faɗuwar gaban da nake nufi. Sai ka ga mutum ya maida giya N yana ɗan taka totur dan kar ta mutu masa a tsakiyar titi 'yan adaidaita su cika masa kunne da hon. Washegari sai gareji. Toh abin da ke faruwa a garejin nan shi ne ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Wani maƙwabcina, ma'aikaci ne da albashinsa bai taka kara ya karya ba, motarsa ta fara wannan rawar ta silo, wato lokacin da inji ke aiki ba a taka totur ba. Ranar farko aka ce masa Alhaji fulogi ne, aka canja guda 4. Bayan kwana biyu abu ya dawo. Aka ce koyil ne, wato mai ba fulogi wuta, ya je kasuwa ya sayo 4 'yan Beljiyam, daga nan aka wanke nozul, daga nan aka ce fiyel famfo ya yi sanyi shi ma aka sauke tanki aka canja, kuma duk wannan hidimar ba wanda ya taɓa auna komai, kunne ne kawai da zato. Ranar da aka ce masa ai sai dai a nemo birenbokis, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ya shigo gidana ransa a ɓace.

Ni ba na cikin masu zagin kanikawanmu. Da yawansu a kan 504 da 505 suka koyi aiki, kuma wallahi a wannan fagen gwanaye ne, mutum ya saurari inji ya ɗauki sukundireba ya murɗa kusa ɗaya a kafireto silo ya zauna daram. Amma motar yanzu ba ta da wannan kusar. Birenbokis ne ke yanke yawan man da nozul zai fesa, da lokacin da wuta za ta tashi, da yawan iskar da za ta shiga in ka ɗaga ƙafa daga totur, shi kuma da labarin da sensa-sensa ke kawo masa yake aiki. In sensa ɗaya ta yi masa ƙarya zai yi hukunci a kan ƙarya, kai kuma a kujerar direba abin da za ka ji kawai rawa ce.

Bari mu fara da mene ne ma misin ɗin. Ka tuna yadda mata ke lugude a turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya wannan ta ɗaga, sautin na tafiya bai ɗaya, da zarar ɗaya ta yi fashi ko daga ƙofar gida za ka ji kiɗan ya karye. Haka injin mai silinda 4 yake, suna bugu bi da bi, a yawancin motocinmu 1 sai 3 sai 4 sai 2. In inji ya yi zafi yana silo a wajen juyi 700 a minti, kowace silinda tana bugu sau 350 a minti ɗaya. Kafin bugu ɗaya ya yiwu sai fistin ya zuƙo iska da mai daidai gwargwado, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur in an auna da nauyi, ya matse su sosai, sannan fulogi ya ba da wuta a daidai lokacin da ya kamata. Wuta ta yi rauni, ko mai ya yi kaɗan, ko ya yi yawa, ko matsin ya zurare ta wani wuri, duk sakamakon ɗaya ne, wannan silindar ta yi fashi. Shi ya sa in mutum ya ce motata na misin bai faɗi cutar ba tukuna, zazzaɓin kawai ya faɗa. A silo abin ya fi fitowa fili sabida inji na juyawa a hankali, babu gudun da zai rufe giɓin.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne motar da kanta tana ƙirga wannan fashin. Akwai sensa a jikin karanshaf da ke lura da saurin juyawarsa, duk bugun da ya yi kyau yana ɗan ingiza shi, in an zo kan wata silinda ba a ji ingizawar ba birenbokis ya rubuta. Tun 1996 doka ta tilasta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da tsarin OBD2, wanda ke ba da damar jona kwamfuta a karanta matsalar mota, a Turai kuma motocin fetur tun 2001, kaga kenan kusan duk tokumbon da ke yawo a titunanmu tana da soket ɗin nan mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. In aka jona kwamfuta aka ga P0301 silinda ta 1 ce ke fashi, P0302 ta 2, haka har ƙarshe. In P0300 ce, fashin na yawo ne, bai tsaya a kan silinda ɗaya ba. Amma a nan ne kuma wasu masu kwamfutar ke ɓata lamarin, su karanto P0302 su ce ka sayo koyil. Lambar ta gaya maka ɗakin da ake kuka ne kawai, ba ta gaya maka abin da ya sa ake kukan ba.

Kafin ma a jona komai, tambayar da ta fi kowace daraja ita ce yaushe take yi. Da sassafe ne kawai, in ta yi zafi ta daina? Ko lafiya lau take sai ka zo hawa gada ko za ka wuce tirela ka taka sannan ta fara jakin? Ko a tsaye kaɗai take rawa, da ka fara tafiya ta sake? Bayan ka sha mai a wani wuri ta fara, ko bayan an wanke maka inji da ruwan famfo mai ƙarfi? Kowace amsa tana rufe ƙofofi da yawa. Wadda ke yi sai an taka, sau da yawa wuta ce, sabida in matsi ya ƙaru a silinda wutar na buƙatar ƙarfi sosai kafin ta tsallaka bakin fulogi, koyil mai rauni yana iya ɗaukar silo amma ya gaza a hawa. Wadda ta fara bayan wanki, a ciro koyil a leƙa ramin fulogi, galibi ruwa ne kwance. Bakaniken da bai yi maka waɗannan tambayoyin ba ya fara kwance kaya, ka dakatar da shi cikin mutunci.

In lambar ta nuna silinda ɗaya, gwajin da ya fi kowane sauƙi ko sisi ba ya ci. A ce P0302 ce. A ciro koyil na 2 a musanya shi da na 3, a goge lambar, a zaga da motar. In ta dawo P0303 to ciwon ya bi koyil, shi kaɗai za ka saya, ba 4 ba. In ta tsaya a 2 sai a musanya fulogi, in har yanzu tana 2 a musanya nozul. In duk an yi wannan ba ta gusa ba, to matsalar na cikin silindar kanta ko a wayar da ke zuwa wajen, kuma duk abin da ka saya a kasuwa a wannan gaɓar asara ce.

Shi ma fulogin da aka ciro kar a jefar da shi ƙasa, a jera su yadda suka fito a duba bakinsu. Mai ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka lafiya ne. Baƙi ƙirin busasshe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa ko wuta ba ta ci. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ke shiga silinda. Fari fat, mai ya yi kaɗan ana ƙuna da zafi. In kuwa ɗaya ya fito tas kamar an wanke shi alhali sauran da datti, wannan ba abin murna ba ne, sau da yawa ruwan lagireto ne ke shiga yana wanke shi da tururi. Akwai kuma wanda za ka samu jikinsa na sama da robar koyil sun jiƙe sharkaf da baƙin mai, wannan gasket ɗin murfin saman inji ne ya saki, in ba a canja shi ba sabon koyil ɗin ma haka zai bi.

Maganar fulogi sai na ɗan tsaya a kanta. Corolla mai injin 1ZZ, irin ta 2003 zuwa 2008, da iridiyam ta fito, Denso SK16R11, Camry mai 2.4 kuma SK20R11, kuma na ainihi an yi su ne su yi tafiyar mil 120,000. Amma jabu sun cika kasuwa, kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, sai bakin ya cinye cikin 'yan watanni. In bakin fulogi ya cinye tazarar ta buɗe, koyil ke shan wahala dan sai ya ƙara ƙarfi kafin wuta ta tsallaka, a hankali ya ƙone. Kaga mutum na ta kukan koyil ba sa ƙarko, alhali fulogin arha da ya saya ne ke kashe masa su ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya fi wahalar da mutane shi ne irin na maƙwabcin nan nawa, rawar silo ba tare da wata silinda guda da za a nuna da yatsa ba. A nan ne kwamfuta ke da amfanin da ya wuce karanta lamba, in an iya kallon bayanan da take nunawa inji na aiki. Oksijin sensa da ke jikin salansa tana shinshinar hayaƙi tana gaya wa birenbokis ko mai ya yi kaɗan ko ya yi yawa, shi kuma yana ƙarawa ko ragewa, kuma yana nuna maka nawa ya ƙara a wasu layuka biyu, STFT da LTFT. In suna kusa da sifili, a ce tsakanin ƙarin kashi 5 da ragin kashi 5 cikin 100, lafiya. In ka ga ƙarin ya haura 10, to inji na kukan mai bai ishe shi ba, in abin ya yi nisa har ya jefo P0171. Mutanenmu da sun ji haka sai su ce famfo. Ba lallai ba. Ka kalli lambar a silo, sannan a taka a riƙe a 2,500 ka sake kallo. In a silo ƙarin na da yawa amma da aka taka ya sauko kusa da sifili, wannan ɓarauniyar iska ce, tana shiga ta wata kafa bayan eyafulo mita, sensar da ke auna iskar da ke shiga inji, ta gama ƙirga. Dalilin a fili yake, a silo bakin injekta, ƙofar iskar da totur ke buɗewa, kusan a rufe yake, iskar da inji ke ja kaɗan ce, dan haka 'yar ƙaramar ɓula ma babban kaso ce, da ka taka iska ta yi yawa sai ta ɓace a ciki. In kuma akasin haka ne, a silo lafiya amma ƙarin na hawa in an taka, nan ne za a tuhumi famfo, ko tacen mai ya toshe, ko eyafulo ta yi datti. Ko a nan ma sai an sa geji an auna ƙarfin man, a irin su Corolla wajen psi 44 zuwa 50 ake so a gani, ba a ciro tiyo a kalli yadda yake tsartuwa a ce ya yi ko bai yi ba.

Haka muka yi wa motar maƙwabcin nan a wajen wani matashin rewaya da ya iya karatun allon. Ƙari ya yi sama sosai a silo, da aka taka ya faɗo. Yaron ya ɗauki guntun tiyo ya kara a kunne yana bin jikin manifol, bututun da ke raba wa silindoji iska, da ɗaya bakin har ya ji huci, ashe babbar robar nan da ke tsakanin eyakilina da bakin injekta ce ta tsage daga ƙasa, a cikin lanƙwasa inda ido ba ya kaiwa. Zafin ƙasarmu da shekaru ne ke busar da waɗannan robobin. A Corolla mai 1ZZ ɗin nan sanannen abu ne gasket ɗin manifol ya ƙanƙance ya riƙa shan iska, musamman da sanyin safiya, shi ya sa wasu za su ce maka tasu sai da hunturu take rawa. Wasu kanikawa na fesa fetur ko maganin wanke kafireto a jikin inji dan su ji inda sauti zai canja, yana aiki, amma a kan inji mai zafi da koyil mai zubar da wuta ina jin tsoronsa ƙwarai.

Tunda an ambaci hunturu, ƙurarmu ma tana da nata kason. Eyafulo mita siririyar waya ce mai zafi da iska ke bi ta kanta, in ƙura da maiƙo suka lulluɓe ta sai ta riƙa ƙirga iska ƙasa da yadda take. Ɗabi'ar nan ta kai eyakilina wajen mai faci a hure shi da iska mai ƙarfi a mayar tana huda takardar, ƙura ta samu hanya. Bakin injekta kuma yana tara baƙin dauɗa a gefen faifan, sai silo ya faɗo in an kunna esi ko an murɗa sitiyari. Wankewa na gyara shi, amma a motocin da totur ɗinsu na lantarki ne, bayan wanki ko bayan an cire kan batir sai birenbokis ya sake koyon silo, kar a ga allura ta ɗan hau a fara neman abin murɗawa.

Sai mai. Ba wanda zai manta Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima daga Antwerp ta Beljiyam, hukuma da kanta ta tabbatar, motoci suka yi ta lalacewa aka shiga dogon layi. Wannan babba ne da kowa ya ji, amma ƙanana na faruwa kullum, man bumburutu da ba ka san me aka zuba a ciki ba, ko gidan man da ruwa ya shiga tankinsa da damina. In misin ya fara 'yan mintuna bayan ka sha mai, kuma duk silindojin ne, ka fara tsiyayo kaɗan a kwalba mai haske ka ajiye, ruwa zai kwanta a ƙasa ka gan shi da idonka. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuma kusan kowa a rizab yake yawo, na san ba da son rai ba ne, amma famfon yana cikin tanki ne kuma man da ke kewaye da shi ke sanyaya shi. A ɗaya gefen kuma akwai masu jijjiga mota a gidan mai dan tanki ya cika har baki, wannan ma yana tura fetur cikin tukunyar gawayin da aka yi dan tururi kawai, sai mota ta riƙa wuyar tashi da rawa bayan an sha mai. Waɗanda suka koma gas na CNG su ma su sani gas ya fi fetur buƙatar wuta mai ƙarfi, fulogin da ke lallaɓawa a fetur yana iya tona kansa a gas.

Akwai abubuwa biyu da muke yi wa mota da hannunmu waɗanda ke ɓata min rai. Na farko cire tamostat, wanda ke tsare ruwan lagireto har sai inji ya yi zafi, a haɗa fanka dairek, wai ai an yi shi ne dan ƙasar sanyi. Injin an ƙera shi ne ya yi aiki da zafi, tamostat ɗin Toyota ma sai wajen digiri 82 yake fara buɗewa. In ka cire shi inji ya daɗe bai kai zafinsa ba, birenbokis na ganin har yanzu safiya ce yana ta ƙara mai, fulogi su yi baƙi, mai ya tafi a banza. Na biyu indomi, wato matacin hayaƙin nan da ke cikin salansa. In wutar cek injin ta tsaya cak a kunne, akwai matsala amma kana iya kaiwa gareji. In tana ƙiftawa kuwa, motar na gaya maka ɗanyen fetur na fita daga silindar da ba ta ci yana zuwa ya ƙone a cikin indomi, zafin na iya narkar da shi ya toshe salansa, mota ta rasa ƙarfi gaba ɗaya. Sai a ce a cire shi, a kwashe a sayar tunda akwai ƙarafa masu tsada a ciki, misin ɗin da ya kashe shi kuma yana nan ba a taɓa shi ba. Daga ranar cek injin ba za ta sake mutuwa ba sabida P0420, lambar da ke cewa indomi ba ya aiki, gobe in sabuwar matsala ta zo ba yadda za a yi ka gane. In za ka sayi mota ma ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, dole wutar nan ta kama, in ba ta kama ba an rufe ta ne ko an cire.

In wuta lafiya, mai lafiya, iska lafiya, saura matsi, kuma ni a ganina bai kamata a bar shi sai ƙarshe ba in har za a sayi abu mai tsada. A ciro fulogi duka a ɗaura geji a kowane rami a buga sitata. Abin dubawa shi ne kusancinsu da juna, in ɗaya ta faɗo ƙasa da sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 akwai magana. A zuba mata cokalin baƙin mai a sake, in ta hau ringi ne, in ba ta motsa ba bawul ne ko tof gasket. Biyu maƙwabtan juna su faɗo tare, gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. Motar da ta taɓa obahitin, tana misin na 'yan daƙiƙu da safe sannan ta sake, ruwan lagireto kuma na raguwa ba ka ga inda yake ɗiga ba, kar ka ɓata kuɗinka a koyil. Sababbin injina masu fesa mai kai tsaye cikin silinda, irin GDI na Sonata daga 2011 da TSI na Volkswagen, suna da nasu ciwon daban, tunda fetur ba ya bi ta bayan bawul ya wanke shi dauɗa na taruwa a wurin har ta hana iska shiga daidai, kuma maganin da ake zubawa a tanki ba ya kaiwa can, sai an buɗe an kankare.

Wata rawar kuma ba ta inji ba ce sam. In allura na zaune wuri ɗaya, sautin salansa sumul, kwamfuta ba ta ƙirga fashi ko ɗaya ba, amma jikin mota na kaɗawa a D ko R ya lafa in ka maida N, a duba injin sit, wato mazaunin da inji ke kai, robar ce ta mutu.

Abu ɗaya da nake roƙon duk mai mota, in cek injin ta kama kar ka bari a cire kan batir dan a kashe ta. Birenbokis na ajiye hoton halin da inji ke ciki a daidai lokacin da matsalar ta faru, zafinsa, gudunsa, nauyin da ke kansa, yawan man da ya ƙara, cire batir na share duk wannan. A jona kwamfuta tukuna, ka ɗauki hoton allon da wayarka, lambar da bayanan duka. Bayan an yi gyaran kuma mutuwar wutar ba shaida ba ce tunda da hannu aka goge ta, ka hau motar kwana uku ko huɗu, da safe da rana, cikin gari da babban titi, sannan ka koma a sake jonawa a duba ko akwai lambar da ke jiran fitowa, a kuma kalli LTFT a silo a ga ko ya dawo kusa da sifili.